Sarki ba doki: finafinan barkwanci na zamanin barade a Turai

Hazo ya rufe tudu, ba ka ganin komai sai ƙarar kofaton doki tana matsowa. Can sai ga Sarki Arthur ya ɓullo da kambinsa da takobinsa, yana 'yar sukuwa da ƙafafunsa, bawansa na biye da shi yana buga ɓawon kwakwa guda biyu. Babu doki ko ɗaya.

Haka fim ɗin Monty Python and the Holy Grail na 1975 ya buɗe. Abin da ya jawo wannan dabara kuwa rashin kuɗi ne. Terry Gilliam da Terry Jones, waɗanda suka ba da umarni, ba su da halin ɗaukar hayar dawaki. Kuɗin fim ɗin ma har da na mawaƙa irin su Pink Floyd da Led Zeppelin aka harhaɗa. Sulken da yawancin baraden suka sa ulu ne aka saƙa aka fesa masa fenti ruwan azurfa, in ruwan saman Sukotlan ya sauko sai ya jiƙe jagab. Ana dab da fara ɗauka kuma hukuma ta janye izinin shiga tsofaffin fadodin da suka zaɓa, sai suka koma fadar Doune, suna ɗaukarta ta fuska daban-daban kamar fadodi ne barkatai.

To me ya sa zamanin sarakuna da barade, wato wajen ƙarni na 5 zuwa na 15, yake da daɗin yi wa barkwanci haka? A ganina saboda babu zamanin da finafinai suka kambama kamarsa. Shekara da shekaru ana nuna barde fes-fes, sulke na walƙiya, magana cike da taƙama. Mai barkwanci aikinsa kaɗan ne, ya ɗauko wannan barde ya tsayar da shi gaban talaka.

Ku dubi inda Arthur ya tarar da wasu manoma suna ta kwasar taɓo. Ya ce shi ne sarkinsu. Matar ta ce ita dai ba ta zaɓe shi ba. Ya shiga bayanin yadda wata mace ta miƙo masa takobi daga cikin tafki, ɗaya manomin ya ce ai wannan ba hujjar mulkin jama'a ba ce. Sarki ya rasa ta cewa, ya fusata ya cakumi wuyansa. Ana dariya, amma tambayar da manomin ya yi tambaya ce mai nauyi: wa ya ba ka? Wannan wuri ne ya fi burge ni a fim ɗin gaba ɗaya, domin sun bar talaka ya gama maganarsa.

Kuma kada ku ɗauka 'yan zamaninmu ne suka fara wannan tsokana. Boccaccio na Italiya ya rubuta Decameron bayan annobar da ta afka wa birnin Fulorans a 1348: matasa goma sun tsere daga gari, suna ba juna labarai 100, da yawansu shaguɓe ne ga limaman coci da attajirai. A Ingila Chaucer ya yi makamancin haka. A gefen shafukan wasu littattafan addu'a na lokacin ma akwai zanen zomaye riƙe da makamai suna farautar mutane. Fadodin sarakunan Turai na lokacin suna da wawan sarki, kamar yadda muka san shi a fadodinmu, mutumin da ke faɗa wa sarki abin da fadawa ba sa iyawa.

Turawan sauran ƙasashe ma sun taɓa nasu. A 1966 Mario Monicelli ya fito da L'armata Brancaleone, inda Vittorio Gassman ya fito a barde matsiyaci mai jan tarkacen runduna da doki mai taurin kai. Faransawa suka juya abin a Les Visiteurs na 1993: Jean Reno ya fito a barden shekarar 1123 da tsafi ya jefo shi zamaninmu tare da baransa, suka ga motar gidan waya suka far mata da duka. Sama da mutum miliyan 13 suka kalle shi a sinimomin Faransa. A fim ɗin A Knight's Tale na 2001 kuwa kiɗan ƙungiyar mawaƙa ta Queen aka sa wa gasar mashi ta barade, don mai kallo ya ji irin zumuɗin da 'yan kallon da suke ji.

Da aka matso zamanin farfaɗowar ilimi da fasaha sai dariyar ta sauya salo, ta koma ta wayo da ɓad-da-kama. Shakespeare in Love na 1998 ya kai mu Landan ta 1593, lokacin da mata ba sa hawa dandamalin wasan kwaikwayo, sai budurwa ta yi shigar maza don ta samu shiga. Ya lashe kyautar Oscar 7.

Sai dai a yi hattara, dariya ba darasin tarihi ba ce. Wurin nan a fim ɗin Monty Python da aka auna mace da agwagwa a sikeli don a gane ko mayya ce, yana sa mutum ya zaci ƙona mayu al'adar zamanin barade ce, alhali farautar mayu ta fi ƙamari ne a ƙarni na 16 da na 17. Taɓon nan da dauɗar ma an ƙara musu gishiri. Terry Jones da kansa ya kasance masanin tarihin zamanin barade, kuma a 2004 ya gabatar da shirin Medieval Lives a BBC, inda ya bi manomi da barde da mai bautar coci ɗaya bayan ɗaya, yana nuna cewa mutanen lokacin sun fi yadda ake zana su tsafta, sun san doka, har suna kai ƙara kotu.