Zinaren Gonarka Na Wane Ne?

Jummai: Assalamu alaikum masu sauraro, daga Zariya muke. Yau Malam Bala ya zo mana da rigimar gida.

Malam Bala: Ƙanena ne da ke karatun shari'a a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Zariya. Wai shi farfesan dokar muhalli da albarkatun ƙasa yake son zama. Hajiya ta ce, "Lauyan bola kenan?"

Jummai: Kai, Hajiya! To amma Malam, tafiyar da nisa fa. Shekara 5 a jami'a, ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, sai digiri na biyu, na uku, ga rubuce-rubucen bincike kafin a kai kujerar.

Malam Bala: Ai ban ƙaryata Hajiya gaba ɗaya ba, da bola aka fara. A 1988 aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko, jihar Delta ta yanzu. Sai da aka yi wannan abin kunya sannan gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA, a shekarar. NESREA kuma, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, sai 2007.

Jummai: Ni ina ɗauka harkar 'yan Neja Delta ce, su da man fetur.

Malam Bala: Kin manta Zamfara a 2010? Gubar dalma daga duwatsun zinare ta kashe yara kusan 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. A tsakar gida ake dakan dutsen, Jummai, inda yara ke rarrafe. To nan aikin farfesan yake. Zai gaya wa ɗalibai cewa sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa. Gona taka, zinaren ba naka ba.

Jummai: Ka je ka faɗa wa manomi haka, ka ga.

Malam Bala: Shi ya sa ajin nasu ba ya rabuwa da gardama. Sashe na 20 ya ce gwamnati ta kare ruwa, iska da daji, amma an ajiye shi a babi na biyu, wanda kotuna suka daɗe suna cewa ba a kai ƙara a kansa kai tsaye.

Jummai: To me ka gaya wa Hajiya?

Malam Bala: Na ce ta leƙa rafin Kubanni bayan ruwan farko, ta ga ledar da ke yawo. Ta ce ta ji, amma albashin fa?