Inuwar Duniya: Matakin Da Ke Ɓata Zanen Sararin Samaniya a Waya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka.

Tun daga lokacin Sallah saƙonni ke shigo mini daga 'yan uwa masu koyon zane a waya, wasu daga wajen Ringim, wasu Gumel, wasu ƙauyukan gefen Haɗeja, kuma kusan kukan kowa ɗaya ne. An zana duniya, an watsa taurari, an zuba kala, amma hoton ya ƙi yin kama da gaske, kuma mai shi ya rasa gane inda matsalar take.

Ga wasu daga cikin hotunan, na rufe sunayen masu su. Kala ta yi kyau, wallahi wasu ma hannunsu ya faɗa sosai. Amma ku matso da ido nan, ɓangaren duhun wannan duniyar. Ga tauraro, ga wani, ga wani can, duk suna ƙyalli a cikin cikinta. To a nan gizo ke saƙa, kuma a nan za mu daɗe yau. Sauran matakan da gudu za mu wuce su, wanda bai kama ba ya dakatar da bidiyon ya sake kallo.

Ina amfani da ibisPaint X ne, domin kyauta ake sauke shi kuma ƙaramar waya ma tana ɗaukarsa. Mai kwamfuta ya yi da Krita ko Photoshop, hanyar duk ɗaya ce. Buɗe sabon shafi, 1080 a faɗi, 1350 a tsawo. Cika shi da baƙi, amma ka ɗan surka shuɗi kaɗan a ciki. Buɗe sabuwar leya, wato wani shafi mai shara-shara da ake ɗorawa a kan na ƙasa, ka zana da'ira.

Fatar duniya kuwa, wato kamannin saman jikinta, ba sai ka ƙona data kana nema a intanet ba. Fita tsakar gida da wayarka. Wannan da kuke gani tsohon langa-langa ne da ya yi tsatsa a bayan ɗaki, na ɗauke shi daf da daf da hantsi. Da shi za mu yi duniyar Mas, kuma zaɓin ya dace, domin jan da ake gani a Mas ɗin na gaske ma tsatsa ce, ƙarfen da ke cikin ƙurarta ne ya haɗu da iskar oksijin. Ƙasar fadama da ta dare da rani tana ba da duniya mai duwatsu. Gindin tsohuwar tukunyar ƙasa yana ba da wata. Idan Jufita kake so, ja layuka a kwance, fari da ruwan ƙasa da ruwan goro, ka goga su da yatsa su shiga juna, ka ajiye jan tabon nan nata a ƙasa da tsakiya kaɗan. Guguwa ce wannan tabon, kuma faɗinta ya fi na duniyarmu. Ɗora hoton a kan da'ira, ka sa tacen nan da ke kumbura tsakiya domin ya yi ƙwallo. Shi ke nan, mun wuce.

Yanzu a ajiye waya tukuna. Ga ɗaki na rufe taga, ga goruba a hannuna, ga tocila.

Na haska ta daga hagu. Rabin da ke fuskantar tocila ya yi haske, ɗaya rabin ya shige duhu. Na juya gorubar, har yanzu rabi ne. Na matsar da tocilar baya, yanzu ku daga inda kuke siririn haske kawai kuke gani a gefe, amma gorubar tana nan cikakkiya. Ku kalli abin da zan yi. Na sa ɗan ƙwan fitila a bango can baya, na kawo gorubar gabansa. Ya ɓace. Ɓangaren da ba ya samun haske ne ya tare shi, domin duhun da ke jikinta bai rage mata komai ba.

Haka kowace duniya take, haka wata yake. Babu wadda ke da hasken kanta, duk na rana suke mayarwa. Ɓangaren da ya yi duhu dare ne ya yi a can, ƙasa da duwatsu suna nan daram. Wata yana nesa da mu kimanin kilomita 384,000, haskensa yana iso mu cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Tauraro mafi kusa da mu bayan rana kuwa, haskensa sai ya yi tafiyar fiye da shekara 4 kafin ya iso. Saboda haka babu yadda za a yi tauraro ya shigo tsakaninmu da wata har ya zauna a cikin da'irarsa. Wata da tauraron da ke kan hasumiyar masallaci ko a tutar Pakistan da ta Aljeriya, wannan tambari ne, yana da muhallinsa, ba shi nake nufi ba. Ina magana ne a kan hoton da kake so mai kallo ya ji kamar da gaske sama yake kallo.

To ta ina taurarin ke shiga? Ta hanya biyu. Wasu suna ɗaukar magogi su share rabin duniyar don a samu duhu. Da ka share, ka huda ta, duk abin da ke leyar ƙasa zai leƙo. Wasu kuma suna rage ƙarfin leyar, ko su zaɓi yanayin haɗin da ke ɓatar da baƙi ya bar haske kaɗai. Ga wuta da hayaƙi wannan yanayin yana da amfani, amma a kan duniya ɓarna yake yi, domin yana mayar da inuwarta gilashi.

Ga yadda ake yi, kuma ina roƙon ku kalli wannan wurin sau biyu.

Leya uku duniya ɗaya take buƙata. Ta ƙasa da'ira ce baƙa ƙirin, cikakkiya, ƙarfinta ɗari bisa ɗari, kuma ba za ka sake taɓa ta ba har ka gama. Ita ce jikin duniyar. Ta tsakiya ita ce fatar da muka ɗauko daga langa-langa. Ta sama ita ce inuwa. Danna wannan maɓallin na kilifin a kan ta tsakiya da ta sama, domin duk abin da ka shafa ya tsaya a cikin da'ira, kada ya zubo waje.

Kafin ka shafa ko ɗigo ɗaya na inuwa, ka yanke shawarar inda rana take. Buɗe wata leya ta wucin gadi ka ja kibiya. Ni tawa daga sama ta hagu take zuwa. Wannan kibiyar ita ce alƙalin hoton gaba ɗaya, duk abin da za ka ƙara daga baya sai ya yi mata biyayya.

Ɗauki burushin feshi, ka ƙara masa girma sosai, baƙar kala. Fara daga gefen da ya juya wa kibiya baya, kana tahowa a hankali. Kada ka ja layi miƙaƙƙe sai idan rabi daidai kake so. Iyakar dare da rana a jikin ƙwallo lanƙwasa take, kuma bakinta biyu suna ƙarewa ne a wurare biyu da ke fuskantar juna a gefen da'ira, ɗaya nan, ɗaya can. Idan ka ga inuwarka ta yi kamar an ɗora wata ƙaramar da'ira a gefe, goge ka sake. Duniya mai iska, irin tamu ko Zahra, wato Zara matar wata, iyakarta tana da laushi, haske yana narkewa cikin duhu sannu a hankali. Wadda ba ta da iska, irin wata, iyakarta ta fi kaifi, kuma a daidai nan ne ramuka da tsaunuka suka fi fitowa, domin rana tana dukansu a karkace. Idan kana da lokacin ƙara ado, a kan wannan iyakar za ka kashe shi.

Kada ka ji tsoron duhu. Yawancin hotunan da aka turo mini inuwarsu ta yi kaɗan, mai zanen yana tausayin fatar da ya sha wahala a kanta, ba ya son ya rufe ta. Rufe ta, ɗan uwa. A ganina duniyar da aka bar kashi ɗaya cikin uku nata kawai a haske ta fi cikakkiya kwarjini nesa ba kusa ba.

Yanzu gwaji. Koma leyar bango ka mayar da ita ja na ɗan lokaci. Idan ka ga cikakkiyar da'ira ba ja ko ɗigo a cikinta, aikinka ya yi. Idan ja ya leƙo ta wani wuri, nan taurari za su leƙo. Mayar da bangon baƙi.

Mu da ke karkara muna da abin da ɗan birni ba shi da shi, wato sama mai duhu. Ranar biyu ko uku ga wata, bayan sallar magariba, fita bayan gari ka dubi yamma. Abu na farko da za ka lura da shi, jinjirin wata a ƙasarmu galibi a kwance yake kamar ƙwarya, ƙahoninsa sama, hasken a ƙasa, domin rana ta faɗi ne a ƙarƙashinsa. Muna kusan digiri 12 ne kawai arewa da tsakiyar duniya. Wanda ake saukowa da shi daga intanet a tsaye, yanayin ƙasashen da ke can arewa ne irin su Ingila. Idan hotonka na garinmu ne, da rumbu da bishiyar kuka a ƙasa, to kwantar da watan. Abu na biyu, za ka ga sauran jikin watan yana bayyana dishi-dishi, toka-toka. Hasken rana ne da ya daki duniyarmu ya koma kansa. Kana iya kwaikwayon wannan ta hanyar rage ƙarfin leyar inuwa kaɗan, ita kaɗai, har fatar ta ɗan nuna. Baƙar da'irar ƙasa tana nan, don haka ba abin da zai huda. Zara matar wata kuma, idan ta fito, a gefe za ka gan ta, a wajen da'ira. Ita ma ai duniya ce, kuma tana yin jinjiri tana cika kamar wata, masanin taurari Galileo ya ga haka da madubin hangen nesa tun 1610.

Shuɗin hasken nan na gefe da kowa ke so, wanda ke nuna iska ta lulluɓe duniya, a ɓangaren rana kaɗai ake sa shi, yana siririncewa har ya mutu kafin ya kai tsakiyar dare. Ba a zagaye duniya da shi sai idan rana tana bayanta daidai. Akwai hoto irin wannan na gaske, wanda kumbon New Horizons ya ɗauka bayan ya wuce Fuluto a 2015, baƙar da'ira da siririn zoben shuɗi kewaye da ita. Ga shi nan a allo. Ku lura, cikinta baƙi ne ƙirin.

Mai son zobe irin na Zuhal, wato Satun, ga naka a taƙaice. Zana zoben a leyarsa, ka latse shi ya yi ƙwai, ka share ɓangaren da ya bi ta bayan duniyar, wanda jikinta ya tare. A nan magogi ya halatta. Zoben ƙanƙara ce gutsi-gutsi, kuma duk da faɗinsa, kaurinsa a yawancin wurare kimanin mita 10 ne, saboda haka kada ka yi shi da kauri. Sai inuwa biyu da ake mantawa. Duniyar tana jefa inuwarta a kan zoben ta ɓangaren da ke nesa da kibiya, zoben kuma yana jefa siririyar tasa a jikin duniyar. Hotunan kumbon Cassini, wanda ya zagaya Zuhal daga 2004 zuwa 2017, suna nan a shafin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ka zauna ka ƙare musu kallo. Idan ka ƙara ƙananan watanni a gefe, kowannensu leya uku, kuma haskensu duka ya fuskanci kibiya ɗaya.

Taurari a ƙarshe, kuma leyarsu tana ƙarƙashin duniya. Ƙanana masu yawa, dusassu, har sai an ƙura ido. Matsakaita 'yan kaɗan. Manya masu haske kada su wuce a ƙirga da yatsun hannu. Kada ka raba su daidai wa daida, sama ba haka take ba. Wani wuri cunkus, wani wuri fayau, wasu a dunƙule kamar yadda Kaza da 'Ya'yanta suke. Daren da aka yi ruwa aka ɗauke da damina ya fi kowane dare nuna wannan, da hunturu kuwa hazo yana cinye ƙananan. Ba duka fari ba ne kuma. Masu shuɗi su ne suka fi zafi, masu ja-ja sun fi sanyi, sai ka ɗan taɓa wasu da waɗannan kaloli. Tsinin hasken da ake gani a hotuna daga na'urar hangen yake zuwa, na Hubble huɗu ne, na James Webb manya shida saboda madubansa masu kusurwa shida. Zaɓi iri ɗaya, ka sa wa biyu ko uku kawai.

Kusa da gefen duniyar mai haske, rage taurari sosai. Masu cewa hotunan saukar mutane a kan wata na 1969 ba taurari a cikinsu, dalilin ke nan: an saita kyamara ne don ƙasa mai tsananin haske, sai raunanan taurari suka kasa kamuwa. Gwada da wayarka yau da dare, ɗauki fitilar sola da sama a bayanta, ka ga ko tauraro ɗaya zai fito.

Goge kibiyar, ka adana hoton a nau'in fayil na PNG. Idan za ka tura ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin idan ka tura shi a hoto kai tsaye za a matse shi, ƙananan taurarin su narke, inuwar da ka yi da laushi ta koma layi-layi. A bidiyo na gaba za mu ɗauki gajimaren iskar gas mai kala-kala da ake sawa a bayan taurari, kuma da hoton hayaƙin murhu za mu yi shi. Sai mun haɗu, a gaida mutan gida.