Bature a Agadas: Hira da Kawu Alhasan

Binta: Masu sauraro, assalamu alaikum. Binta ce daga Agege, ga Yaya Sani a gefena. Yau mun yi babban baƙo, Kawu Alhasan, haifaffen Agadas, wanda ya daɗe yana yi wa Turawa tafinta kafin kasuwanci ya kawo shi Legas. Kawu, barka da zuwa.

Alhasan: Barka kadai, 'yata.

Sani: Kawu, ba mu labarin Baturen nan da ya zo aikin rijiyoyi. Me ya fara cewa da ya sauka?

Alhasan: A filin jirgin Mano Dayak na tarbe shi, cikin watan Mayu, zafi ya haura 40. Ba zafin ya fara ambata ba. Waige-waige ya yi ta yi, sai ya ce ina tuddan yashin? Shi a zatonsa da ya fito zai ga rairayi da raƙuma. Sai ga 'yan kabu-kabu, ga Hilux, ga shagunan cajin waya. Na ce masa yashin da kake gani a hoto yana can Tenere, sai mun yi tafiya mai nisa. Garinmu ƙasa ce mai tauri da tsakuwa.

Binta: To ransa bai ɓaci ba?

Alhasan: Ya ɓaci, har sai da ya ga hasumiyar babban masallaci. Mita 27, zallar laka. Ya ɗauka itatuwan da suka fiffito a jikinta ado ne. Na ce a'a, a kansu magina ke takawa in za a yi yaɓe. Da muka shiga hawa, matakalar na ƙara matsewa, ga jemagu, ga shi ƙato, sai da ya karkace kafaɗa. Da ya leƙo daga sama ya ga tsohon gari da fadar Sarkin Abzin, ya daɗe bai ce uffan ba.

Sani: Ai wannan tsohon garin, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013. Kuma Baturen nan ba shi ne farau ba. Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya shiga Agadas tun 1850.

Alhasan: Gidan da ya sauka yana nan, na sha kai baƙi. Amma bari in gaya muku abin da ya fi ba shi wuya: lokaci. Ƙarfe ɗaya na rana ya sa gajeren wando da 'yar shimi, wai zai zaga kasuwa. Ya tarar da kowa ya shige inuwa. Ya dawo yana cewa mutanen nan ba sa aiki. Na ce kai ne ba ka tashi da asuba ba, kuma ka jira bayan la'asar ka gani. Ga shi zafinmu busasshe ne, gumi ba ya zama a jiki, ba ka sanin ruwa na fita. Da yamma ciwon kai ya kwantar da shi. Nan ya gane rawani da babbar riga ba don kwalliya muke sa su ba.

Binta: Ni fa Kawu, ina da ja. Yawancin Turawan nan a gida mai sanyaya ɗaki suke kwana, su shiga mota, su fita da rakiyar sojoji. Me mutum zai sani game da gari ta gilashin mota?

Alhasan: Kin yi gaskiya, amma da dalili. Tun da aka sace ma'aikatan yuraniyom a garin Arlit a 2010, yawonsu ya ragu ƙwarai. Kafin nan har Timiya muke kai su, cikin duwatsun Abzin, su ga lambunan lemu da rumman, su riƙe baki. Wannan ɗin dai ya fi sauran. Daren da wuta ta ɗauke, da kansa ya ja katifa zuwa tsakar gida kamar kowa.

Sani: Shayi fa?

Alhasan: Kai, Sani, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi! Mun je gaishe da wani dattijo, aka hura gawayi, aka ɗora buta. Ya shanye kofin farko, mai ɗacin nan, ya duba agogo, ya miƙe. Na ja gefen rigarsa na ce zauna, saura biyu. Ga gaisuwa kuma: ina gajiya, ya iyali, ya zafi, ya bisashe. Shi ya ƙosa a shiga maganar rijiya, dattijo kuwa sai a kofi na uku ya nuna mana inda ruwa yake.

Binta: Ya kai lokacin sanyi?

Alhasan: Ya kai Janairu. Mutumin da ya ce ƙasarsu ƙanƙara ke zuba, sai ga shi yana neman aron bargo.

Sani: An ce ya sayi sarƙar azurfar nan ta Agadas wurin maƙera. Ka taya shi ciniki?

Alhasan: Ya ce ya iya Hausa, in bar shi. Farashin farko da aka faɗa ya ce albarka, yana nufin ya yarda. Maƙerin ya ɗauka ya ƙi ne, ya rage masa.

Binta: Kai Kawu! Mu ɗan je hutu, in mun dawo sai ayarin gishirin Bilma.