Darasi: Bin Sawun Kakanni ta Hanyar Suna

Assalamu alaikum masu sauraro, daga nan Jos. Yau za mu koyi yadda mutum zai bi sunan gidansu har ya kai ga tushensa.

Ka fara riƙe wannan: Bahaushe ba shi da sunan zuri'a guda da ake gada har jikoki. Sunan uba ake ɗorawa. Kai Sani Garba, mahaifinka Garba Iro, kakanka Iro Mamman. Ka ga a kowane mataki sunan ƙarshe ya sauya. Don haka ɗauko takarda, ka jera su daga kanka zuwa sama, kowa da layinsa.

To, nan ne ake yawan ɓata hanya. Garba, Habu, Buba, Bukar, duk Abubakar ne. Kuma kowanne yana gaya maka wani abu: Bukar ya fi yawa a bakin Barebari, Buba a wajen Fulani. Iro Ibrahim ne, Mamman Muhammadu ne, Shehu sau da yawa Usman ne. Ɗanladi ko Ɗanjuma kuwa ranar haihuwa ce, sunan yanka na nan daban. Saboda alkunya, wata kakar har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan ɗanta na fari ba, sai laƙabi ya danne sunan. Gefen kowane suna, rubuta duk laƙabin da aka san shi da shi.

Sai sunan gari. Makarantar boko ta saba liƙa wa yaro garinsu, kamar su Aminu Kano da Shehu Shagari. A Jos wannan babbar alama ce, domin yawancin kakanninmu aikin kuza da fatauci suka kawo su Naraguta, Bukuru da Barikin Ladi. In kakanka Kazaure ake ce masa, ka san inda za ka nufa. Amma a yi hattara, wani garin da ya yi karatun allo ne, ba mahaifarsa ba.

Batun rubutu kuma, akawun Turawa yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, keken rubutunsa babu ƙ, babu ɗ. Katsina ma Katsena suka riƙa rubutawa, Borno kuma Bornu. In ka je ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, gwada Mohammed, gwada Muhammadu, gwada Mamman, kada ka tsaya a ɗaya.

Kafin Kaduna dai, Allah ya sa akwai tsohuwa a gida. Je ka gaishe ta, ka zauna a tabarma, ka kunna rikoda a wayarka da izininta. Ce mata: "Iya, wane irin tsage ne a fuskar Malam? Wace sana'a suka gada?" Ka roƙi a buɗe maka tsohon kundi, ana samun wasiƙun ajami da sunayen iyaye a ciki. Wannan ziyarar kada ta wuce makon nan, don Allah.