Na zo ganin daji a Knoydart, na tarar da kufai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da wannan ragar da na rufe fuskata da ita, ba sabon yayi ba ne. Wasu ƙwari ne 'yan mitsi-mitsi da ake ce wa mijis, ba su kai ƙwayar gero ba, amma da iska ta ɗauke sai su taso kamar hayaƙi. Sauronmu ko ba komai yana yi maka kuka a kunne ka shirya, waɗannan kuwa ba sallama. Ku dubi wuyan hannuna.

Wurin nan sunansa Knoydart, a yammacin tsaunukan Sikotland, amma Noidat ake furtawa. Ba tsibiri ba ne, sai dai babu titin mota da ya shigo. Ko dai ka hau ƙaramin jirgin ruwa daga garin Mallaig, ko ka tako ta kan duwatsu kusan kilomita 25. Kun san wanda na zaɓa. Teku ta kutso ta gefe biyu, Loch Nevis a kudu, Loch Hourn a arewa, ana kuma fassara sunayen da tafkin aljanna da tafkin wuta. Alhamdu lillahi ta na aljannar na shigo. Ƙauyen da muka sauka shi ne Inverie, kuma duk faɗin yankin nan mutum ɗari da 'yan kai ne.

Bari in rage murya. Can gefen rafi, kun gan shi? Namijin jar barewar ƙasar nan ne, ya kusa jaki girma. Ƙahon nan mai rassa duk shekara yake zubarwa ya tsiro sabo, shi ya sa yanzu a watan Yuni yake lulluɓe da laushin gashi. Da na iso na ɗauka haka Allah Ya halicci tsaunukan nan ba itace, ashe da hannun barewa a ciki. Tun ɗaruruwan shekaru aka ƙarar da kyarkeci a ƙasar, babu mai cin barewar, ita kuwa duk tsiron da ya leƙo sai ta kwashe. Inda aka kewaye da waya, ga itatuwa nan sun tashi. Ɗazu kuma wata gaggafa mai farar jela ta gifta, kafin in juyo da kyamara ta ɓace. Irinta sun taɓa ƙarewa ƙaf a Birtaniya, sai a 1975 aka fara dawo da su daga Norwe zuwa tsibirin Rum da ke can yamma.

To amma ga abin da ya tsayar da ni. Ku dubi duwatsun nan da aka jera, tsayinsu iya ƙugu. Ga gurbin ƙofa, ga inda murhu yake, ciyawa mai ƙaiƙayi ta cinye tsakar ɗakin. Ku ɗaga ido kan gangaren can. Duk wanda ya taɓa riƙe garma zai gane kunya ko da ciyawa ta rufe ta. Nan masu ɗakunan suka shuka dankali da hatsi, ciyawar teku ce takinsu. Masu yawon buɗe ido na kiran wurin nan dajin da ba kowa, ni kuwa a wajenmu wannan kufai ne.

Mutanen da suka zauna nan harshen Gelik suke ji, kuma a da sun kusa dubu. Cutar dankali ta 1846 ta jefa su cikin yunwa. A 1853 mai ƙasar, Josephine Macdonell, ta ga tumaki sun fi talakawa kawo riba, aka loda mutum fiye da 300 a jirgin ruwa mai suna Sillery sai Kanada. Waɗanda suka ƙi tafiya aka rushe musu ɗakuna, suka koma raɓewa a gindin duwatsu ga sanyi na ƙaratowa. A tashi mutum daga gonar kakansa don tunkiya ta sami wurin kiwo, wallahi abin ya tsaya mini a rai.

A 1948 wasu mutum bakwai suka kafa turaku suka ce nan gonakinsu ne. Mai ƙasar a lokacin, Lord Brocket, mutumin da ya je Jamus bikin cikar Hitler shekara 50, ya maka su a kotu, kuma shi ya yi nasara. Akwai tarin duwatsu na tunawa da su a Inverie, na wuce ta wurin da safe. Sai a 1999 mazauna suka haɗa kuɗi da tallafi, suka sayi eka fiye da 17,000 da sunan gidauniyarsu. Yau su ke rage barewa, su ke dasa itace, wutar lantarkinsu ma daga ruwan wani tafki na kan dutse suke samarwa.

Agogona ya ce ƙarfe takwas na dare, amma ga rana tsaye. Magariba sai bayan ƙarfe goma, lissafin isha'i da asuba kuwa kada ma ku tambaya. Hadari ya haɗo ta wajen teku, iska ta kwanta, mutanena sun fara taruwa a kan ragar. Bari in tattara in gangara masauki, sai mun haɗu gobe in Allah Ya kai mu.