Bob Hoover, Matuƙin da Yake Kashe Inji Biyu a Sararin Sama

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, ɗalibai, ina yi muku barka da yamma. An ce in yi magana a kan wasan alkafura da jiragen sama, musamman tsofaffin jiragen yaƙi, ni kuwa na ce to a bar ni in ɗauki mutum ɗaya, domin idan aka fahimci Bob Hoover an fahimci sana'ar.

Ba'amurke ne, an haife shi a Nashville ta jihar Tennessee a 1922, ya rasu a 2016 yana da shekara 94. Dogo ne siriri, kullum da malafa a kansa, in ka gan shi a filin jirgi sai ka ɗauka kallo ya zo.

Bari in fara da wasan da ya fi yin suna da shi. Jirgin sunansa Shrike Commander, mai inji biyu da farfela biyu, wanda aka ƙera don 'yan kasuwa su riƙa zirga-zirga da jakunkunansu. Ba a yi shi don alkafura ba ko kaɗan. Hoover zai tashi da shi, ya yi sama sosai, sai ya kashe inji ɗaya ya yi wasa. Can kuma ya kashe na biyun. Farfela duka biyu su tsaya cak, 'yan kallo suna ganinsu da idonsu, ba ka jin komai sai fito na iska. Daga nan ya sunkuyar da hancin jirgin ya gangaro, ya yi alkafura cikakkiya, ya mirgina jirgin yana ɗan tsayawa sau takwas kafin ya kammala juyi ɗaya, ya kewayo ya sauka. Saukar ma sai ya taɓa ƙasa da taya ɗaya, ya ɗaga, ya taɓa da ɗayar, sannan jirgin ya gangara da kansa ya zo ya tsaya daidai gaban jama'a. Duk wannan inji a kashe.

Na ga wasunku suna girgiza kai. Ba tsafi ba ne, ba kuma ganganci ba ne, lissafi ne. Jirgin da ke sama yana riƙe da abu biyu, nisansa daga ƙasa da kuma gudunsa, kuma ana musayar ɗaya da ɗaya. Duk wanda ya taɓa gangarowa daga tudu a kan keke ya san cewa gudun da ya samu zai haura da shi tudu na gaba ba tare da ya taka feda ba, amma ba zai kai shi tsayin na farko ba. Kowane juyi yana cin wani abu, iska tana karɓar nata kason. Hoover ya san adadin abin da kowane motsi zai ci, ya kuma san abin da dole ya rage masa don sauka. Mai kallo yana ganin jarumta, matuƙa kuwa darasi suke ɗauka, cewa mutuwar inji ba ita ce mutuwar jirgi ba muddin na ciki bai rikice ba. A ganina wannan ya fi dukan lambobin yabon da aka ba shi daraja.

Akwai kuma hoton bidiyon da ya yi yawo a duniya, inda yake tsiyaya shayi mai sanyi a kofi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana mirgina jirgin har ƙasa ta koma sama, shayin bai zube ba. Dalili shi ne idan aka yi mirginar daidai, nauyin da ke danna komai yana fuskantar daɓen jirgin ne tun daga farko har ƙarshe. Faɗarsa da sauƙi. Hannu ya ɗan karkace kaɗan, shayi ya wanke maka riga.

Ina ya samo wannan hannun? Tun yana saurayi yake aiki a kantin kayan abinci yana biyan kuɗin koyon tuƙi, kuma abin dariya, jiri da amai ne suke damunsa in ya tashi. Maganin da ya yi wa kansa shi ne ya ci gaba da juya jirgin har cikinsa ya saba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka tura shi Kasablanka ta ƙasar Maroko, aikinsa gwada jiragen da aka kawo cikin akwatuna aka harhaɗa a can, kafin a miƙa su ga mayaƙa. Irin wannan aikin aka yi a Takoradi ta Gana, inda ake haɗa jirage su biyo ta Kano da Maiduguri su nufi Masar. Jirgin da aka haɗa cikin gaggawa ba ya rasa aibi, don haka Hoover ya saba da injin da zai mutu masa a sama tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

A watan Fabrairu na 1944, a fitarsa ta 59, wani jirgin Jamus ya harbo jirginsa na yaƙi samfurin Spitfire a gaɓar kudancin Faransa. Ya yi fiye da shekara guda a sansanin fursunonin yaƙi na Jamus mai suna Stalag Luft I. Dab da ƙarshen yaƙi ya tsere, ya tarar da jirgin Jamus samfurin Focke-Wulf 190, irin wanda ya kaɓo shi, ya sace shi ya gudu Holan. Kamar yadda shi da kansa yake bayarwa, da ya sauka a gona manoma suka yo kansa da kayan aikinsu, sun zaci Bajamushe ne.

Ranar 14 ga Oktoba 1947, da matuƙi Chuck Yeager ya zama mutum na farko da ya zarce gudun sauti a cikin jirgin gwaji Bell X-1, Hoover ne mai jiran gado idan Yeager ya kasa, kuma shi ne yake biye da shi a wani jirgin yana sa ido. Tarihi ya riƙe sunan Yeager. Daga baya Hoover ya koma kamfanin North American yana gwada jiragen yaƙi na jet F-86 da F-100.

Wannan kamfanin ne ya ƙera P-51 Mustang, jirgin da ya raka masu jefa bama-bamai har Balin, mai injin Merlin na silinda 12. Hoover yana da nasa, fentin rawaya, ana ce masa Ole Yeller. Da shi yake jagorantar tseren jirage na Reno a jihar Nevada: ya jero su a gefensa, ya sanar da su ta rediyo cewa tsere ya fara, sannan ya haye sama yana shawagi. Ba hutawa yake yi a can ba. Duk wanda injinsa ya samu matsala, Hoover zai matso kusa da shi yana yi masa magana cikin natsuwa har ya sauka.

Kada in yi muku daɗin baki, harkar nan tana cin rai. A 2011, a wannan filin na Reno, wani Mustang da aka yi wa gyare-gyare don ƙara gudu ya faɗa kusa da 'yan kallo, mutum 11 suka mutu har da matuƙin. Ƙarfen da ya haura shekara sittin ba ya yafe sakaci. Ana ta muhawara ko ya kamata a ajiye irin waɗannan jirage a gidan tarihi kawai. Ni ina tare da masu cewa a tashe su, amma a hannun masu irin tarbiyyar Hoover, kuma nesa da kan jama'a.

Shi ma ya sha da ƙyar a San Diego, lokacin da wani ma'aikaci ya zuba wa Shrike ɗin kananzir na jiragen jet maimakon fetur, injuna biyu suka mutu jim kaɗan bayan tashi. Ana ba da labarin cewa ya nemi yaron, bai zage shi ba, ya ce gobe ma shi yake so ya zuba masa mai. Abin da ya biyo baya ya fi labarin amfani: aka sauya bakin tiyon kananzir ya zama mai faɗi, aka sa zobe a bakin tankin jiragen fetur don kada ya shiga, kuma da sunan Hoover ake kiran su biyun.

A farkon shekarun 1990 hukumar jiragen saman Amurka ta ƙwace takardar lafiyarsa, ta ce tsufa ya kama shi. Ya tafi Ostireliya, aka gwada shi aka ba shi lasisi, ya ci gaba da wasa a ƙasashen waje har hukumar ta mayar masa da takardarsa a 1995. Ya daina wasa a 1999, kuma kuɗin inshora ne ya tsayar da shi. Shrike ɗin yana gidan tarihin Smithsonian kusa da Washington.

Shugaba yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a fara da ɗalibai.