Wa Zai Tantance Yaron Da Karatu Ke Yi Wa Wuya?

Yaro ɗan shekara takwas, har yanzu haruffa na rikice masa. Malamarsa ta lura, iyaye sun sa hannu a takardar izini. Saura ƙwararren masanin halayyar ɗalibai da zai zauna da shi ya gano ainihin abin da ke hana shi karatu. A nan gizo ke saƙar.

A Amurka, dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman, wadda ta samo asali tun 1975, ta ce a kammala tantancewar farko cikin kwana 60 bayan amincewar iyaye, sai dai in jiha ta tsayar da nata wa'adin. Sannan a sake duba yaron aƙalla duk bayan shekara uku. A Ingila, mako 20 doka ta ba ƙaramar hukuma ta fitar da tsarin tallafinsa.

Amma masu aikin ba su isa ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗalibai ta Amurka ta ce kamata ya yi ƙwararre ɗaya ya kula da ɗalibai 500. A zahiri, matsakaicin ƙasar ya haura 1,000.

Ku dubi aikin da kyau. Mai tantancewa zai karanta wa yaro jerin lambobi, ya ce ya maimaita daga ƙarshe zuwa farko. Zai ba shi 'yan tubala masu launi ya jera yadda ya gani a zane, yana riƙe da agogo. Zai zauna a bayan aji ya ga lokacin da hankalin yaron ke gushewa, ya tattauna da iyaye. Duk don ya bambance yaron da ƙwaƙwalwarsa ke wahalar haɗa sauti da harafi, da wanda kunnensa ne bai ji sosai, da wanda harshen gida daban, na makaranta daban. Shi ya sa a Amurka horon mai tantancewa ke ɗaukar kusan shekara uku bayan digirin farko, har da sa'a 1,200 na koyon aiki a ƙarƙashin gogagge.

Wasu na cewa a sassauta sharuɗɗan zama mai tantancewa. Ban yarda ba. Tantancewar kuskure na iya liƙa wa yaro sunan da zai bi shi shekaru, a kai shi ajin da ba nasa ba.

Abin da ya fi: a biya masu koyon aiki, domin da yawa ba sa iya shekara guda babu albashi. A ɗauki nauyin karatun malaman da ke yankin su zama masu tantancewa, musamman a karkara, don su ne ke tsayawa. A sauke wa ƙwararru cike takardu da shirya taro, wasu su ɗauka. Tantancewa ta bidiyo na rage nisa, matuƙar akwai horarren mutum kusa da yaron.

Kuma ba sai rahoto ya fito ake fara taimako ba. Ƙaramin rukunin karatu kullum, a riƙa auna ci gaba, na iya farawa tun makon da malama ta lura.